Kada ka shiga zauren biki da batirin kanti

A wata dina a Unguwar Rimi na hango wani matashi mai ɗaukar hoto. Amarya ta shigo, ana ta liƙi, shi kuwa sai danna kyamara yake, filash, wato fitilar da ke haska hoto, ya ƙi kamawa. Da ya buɗe murfin filash ɗin, batirin alkalin ne guda 4 a ciki, wato irin na kanti da ba a yi wa caji. Raina ya ɓaci, don na daɗe ina tafka wannan kuskuren.

Lamba ce ta ruɗe ni. Alkalin an rubuta masa 1.5V, mai caji na NiMH kuwa 1.2V, wa zai ce ƙaramin ya fi? Ga wuta ba ta zama balle a yi caji, alkalin kuwa ko a kanti ka samu. Har yau ina ganin ina da uzuri. Amma hoton shigowar wata amarya da ya taɓa fito mini baƙi ƙirin ba a sake shi, kuma ni na jawo.

Abin da ban gane ba shi ne, filash na cika kafasita ne, wato ma'ajiyar wutar da ke cikinsa, zuwa wajen bolt 300, yana zuƙar wuta da yawa lokaci guda. Alkalin da an matsa masa sai ƙarfinsa ya zube, ya ɗau zafi. Sabo ma yakan kai daƙiƙa 4 kafin filash ya cika, jiran kuma ƙaruwa yake tun ba a yanka kek ba. NiMH mai kyau daƙiƙa 2 zuwa 3 ne, kuma haka zai riƙe har ya kusa ƙarewa.

To ƙanina, sayi NiMH irin Eneloop. Baƙin yana ɗaukar wajen 2500mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), farin wajen 2000mAh amma ya fi jure yawan caji. Duk ɗan AA, wato girman batirin da filash ke ɗauka, da ka ga an rubuta masa 4800mAh, ƙarya ce. Ka tanadi saiti 3, hurhuɗu, ka yi musu alama, kada ka gauraya tsoho da sabo. Caja kuma wadda ke lura da kowane batir shi kaɗai. Akwai wani lithiyam mai lamba 14500, girmansa ɗaya da AA amma 3.7V ne, in ka sa shi ka ƙona filash.

Ku yaran yanzu kuna kashe kuɗi a kan lens, batir kuwa sai a ƙofar zaure za ku aiki almajiri ya sayo. Sannan ku bar filash a cikakken ƙarfi kuna harba silin mai tsawo, ya yi zafi ya tsaya. Ɗaga ISO, wato saitin yadda kyamara ke karɓar haske, daga 400 zuwa 800, rabin hasken ya ishe ka, cikawa ta yi sauri.

In da hali ma, bar AA gaba ɗaya ka nemi filash ɗin Godox V1 mai batirinsa na lithiyam, daƙiƙa 1.5 yake cika. Na ce ka guji alkalin, duk da haka ka ajiye guda 4 a ƙasan jaka, saboda ranar da aka kwana ba wuta.