Shafin da ya sa kakin Kwastan

Ranar Laraba da hantsi ɗan maƙwabcina ya faɗo shagona na kwamfuta, waya a hannu, naira 15,000 a aljihu. "Baba, don Allah ka cike min fom ɗin neman aikin Kwastan, yau za a rufe." Kuɗin na mahaifiyarsa ne, adashinta ta kwasa.

Na karɓi wayar. Shafi ne a Facebook, ga tambarin hukuma, ga hotunan jami'ai cikin kaki. Wallahi ko ni da na shekara goma a wannan sana'a sai da na sake dubawa. Na shiga sashen da Facebook ke nuna ranar buɗe shafi da sunayen da ya taɓa amsawa. Watansa biyu a duniya, kuma da can sunan mai sayar da takalma yake ɗauke da shi.

Sai na ce ya nuna min inda aka ce ya tura kuɗin. Asusun wani mutum ne, da sunansa da na mahaifinsa. A nan maganar ta ƙare a wurina. Tun 2015 kuɗin hukumomin gwamnatin tarayya asusun bai ɗaya suke shiga, ta manhajar biyan kuɗi ta Remita, kuma sai an ba ka lambar biya. Balle ma neman aikin Kwastan ba a biyan ko sisi. Adireshin da suka liƙa kuma bai ƙare da .gov.ng ba, yadda na JAMB yake jamb.gov.ng.

Yaron ya ce, "Amma Baba, wani shafin nasu a X yana da shuɗin maki." Wannan ne ke damuna ƙwarai, don mutanenmu har yanzu suna ɗaukarsa hatimin gaskiya. Tun bayan da Elon Musk ya sayi Twitter (wato X a yanzu) a 2022, mai biyan kuɗin wata-wata ma yana samunsa. Na gwamnatoci a can ruwan toka ne.

Abin da ya fi ci min rai, ya riga ya tura musu NIN da BVN ɗinsa ta WhatsApp. Na rufe shago, na goya shi a babur muka nufi banki, aka canza masa lambar sirri, aka gargaɗe shi kada ya karanta wa kowa lambar da za ta shigo wayarsa.

Da yamma mahaifiyar ta aiko min da kunun gyaɗa. Shafin kuwa mun kai ƙararsa mu biyar, amma har jiya da dare yana nan, matasa na ta ajiye lambobin wayarsu a ƙarƙashin sanarwar.