Tsuntsayen fadamarmu a tsibirin Lesbos

Laraba, ƙarshen Afrilu, Skala Kallonis.

Yau aka ware wa filayen gishiri da kewayensu, don haka ina idar da sallar asuba na zura rigar sanyi na fito. A Nguru yanzu zafi ne ke gasa mutane, nan kuwa sai da na cusa hannuwa cikin aljihu kafin mai motarmu ya iso. Ƙauyen na masunta ne, yana can ƙuryar gaɓar tekun Kalloni, wadda ta kutsa cikin tsibirin har ta kusa raba shi biyu. Daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu kuwa, kusan duk baƙon da ka gani a nan da madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Lesbos shi ne na uku a girma cikin tsibiran Girka, bayan Kirit da Ebiya, kuma a wasu wurare tazarar da ke tsakaninsa da gaɓar Turkiyya ba ta wuce kilomita 10 ba sosai. Tsuntsun da ya taso daga Afirka ya ƙetare Bahar Rum, in ya hango ruwan daɗi da ciyawa da ƙwari a nan, ai dole ya sauka.

Mun fara da kogin Tsiknias. Ba wani babban kogi ba ne, amma gefensa cike yake da duhuwa, kuma tun kafin rana ta fito wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa ya cika wurin da rera waƙa daga cikin ƙaya. Alhudahuda ya gifta mana sau da yawa. Masu cin zuman nan masu launin ɗorawa da shuɗi da ja suka jeru a kan wayar lantarki. Can cikin wata makiyaya, tsakanin ƙafafun tumaki, sai ga 'yan tsuntsayen nan masu rawayan ciki da kaɗa wutsiya, irin waɗanda ke bin shanun Fulani a fadama lokacin hunturu. Na nan da yawansu kansu baƙi ƙirin ne. Na daɗe ina kallonsu, har aka yi mini magana cewa ana jira na.

Daga nan sai filayen gishiri. Fakuna ne masu faɗi da aka yi wa kunya-kunya, ana shigar da ruwan teku ana bari rana ta ƙafar da shi. Abin da ido ke fara faɗawa a kai shi ne filamingo, manyan tsuntsaye masu dogon wuya da dogayen ƙafafu, garke guda, kowanne kansa cikin ruwa yana tace abinci. Duk wanda ya zo sai ya ɗauke su hoto, kuma sun cancanta. Amma ni abin da ya tsayar da ni yana cikin magudanar da ke gefen hanya: tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, launin ƙasa, waɗanda Turawa ke kira raf. Na san su tun ina yaro. Su ne ke cika gonakin shinkafa na Hadeja da Nguru bayan girbi, su tashi dubbai a tare har su rufe maka wani sashe na sama. A wurinmu ba su da wani kyau, kowa launinsa ɗaya da ɗan uwansa. A nan sai ga wani namiji ya fara fitar da gashin wuya, baƙi da fari da jaja-jaja, ya kumbura shi sai ka ce bafaden da ya naɗa rawani ranar hawan sallah. Kayan aure ne. Can arewacin Turai da Sibiriya zai ƙarasa sa su, inda za su yi ƙwai. Shekarata nawa ina ganin tsuntsun nan cikin kayansa na aiki, ban taɓa ganin wannan fuskar tasa ba. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Ban iya haƙuri ba, na koma gefe na kira Kawu.

"Kawu, ina kwana? Ya gida, ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne. Ya ƙasar Turawa?"

"Lafiya lau, Kawu. Ka san 'yan tsuntsayen nan masu sauka a shinkafa bayan an yi yanka? Ga su nan gabana."

Ya yi dariya ya ce, to shi ya sa ya neme su ya rasa, ashe biyo ni suka yi. Sannan ya ce in gaya musu baɗi su zo da ladabi. Ban yi masa gardama ba. Kawu manomi ne, duk abin da ya sauka a gonarsa da baki abin zargi ne, ko da yake shi ma ya sani babbar ɓarnar ta tsuntsayen jan baki ce, waɗannan yawanci tsintar abin da ya zube suke yi. Ba na jin daɗin yadda wasu masu son tsuntsaye ke maganar manoman Afirka sai ka ce maƙiyan halitta ne. Mutumin da shekararsa gaba ɗaya ta dogara kan buhunan da zai ɗauko daga fadama yana da hujjarsa.

A cikin tawagarmu akwai wani dattijo daga Ingila mai yawan shiru. Da ya ji daga ina nake, sai ya matso da na'urarsa mai ƙafa uku, muka tsaya tare. Shi ya tuna mini da abin da ya faru a 1969. Akwai wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya saba cika shingayen gonakin Ingila duk shekara. A waccan shekarar fiye da rabinsu ba su koma ba. Aka yi ta neman dalili a Turai ba a samu ba, daga baya aka gano farin da ya fara a yankin Sahel ne ya kashe su, wato farin nan da ya ci gaba har ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970, wadda har gobe tsofaffinmu ke ba da labarinta. Tsuntsu irin wannan, kafin ya tunkari Sahara, sai ya ci ya tara kitse har nauyinsa ya kusa ninkawa, don ba inda zai tsaya ya sha ruwa. In damina ta gaza, ƙwari da 'ya'yan itace suka yi ƙaranci, to zai tashi ne da guzurin da ba zai kai shi ba.

Ni kuma na ba shi namu labarin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Hadeja da Nguru duk shekara ta ragu, kuma lokacinta ya sauya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, jan baki kuma ya samu maɓoya a cikinta. Wani wuri ruwa ya kwanta shekara sur, wani wuri ya bushe ƙaf. Wannan ya shafi masunci da manomi da makiyayi kafin ya shafi tsuntsu, amma ya shafe su duka. Abin da ke damuna shi ne, ga mutane nan sun biya kuɗin jirgi da na masauki don su ga baƙin da ke wucewa ta Kalloni na 'yan makonni, mu kuwa da suke yin watanni a wurinmu, yaranmu na makaranta da yawa ba su taɓa jin sunan Dagona ba, balle a kai su. Ga shi kuwa wurin yana nan cikin jihar Yobe, an keɓe shi musamman saboda tsuntsayen ruwa.

Da hantsi muka zagaya gabashin gaɓar zuwa dajin Achladeri, neman wani ɗan tsuntsu da aka sa wa sunan Krüper, mai jan tabo a ƙirji, mai saukowa daga kan itace kai ƙasa ƙafa sama. Gidansa Turkiyya ne da kewayenta, kuma Lesbos ne wurin da 'yan Turai suka fi zuwa ganinsa. Mun gan shi yana kai wa 'ya'yansa abinci a kogon wani busasshen itace. Kowa ya yi murna, ni ma haka, sai dai hankalina yana can wurin gishiri.

Abincin rana a bakin jiragen masunta muka ci: gasasshen kifin sadin, wanda Kalloni ta yi suna a kansa, da burodi da cuku da man zaitun. Tsibirin nan ko'ina ka duba itacen zaitun ne, miliyoyi. Mai yi mana jagora ya nuna ruwan ya ce a wannan gaɓar Aristotal, masanin nan na tsohuwar Girka, ya zauna wajen shekara ta 345 kafin haihuwar Annabi Isa, yana bin masunta yana duba abin da komarsu ta kamo, yana rubutawa. Abokin aikinsa Tiyofirastus, wanda ya yi fice a nazarin tsirrai, ɗan Eresos ne a nan tsibirin. Na yi sallar azahar da la'asar a gindin wani zaitun, ba wanda ya dame ni.

Da yamma aka kai mu wasu itatuwan turare a bayan garin Kalloni, inda wata 'yar ƙaramar mujiya ke yini. Da kaɗan ta fi tafin hannu, launinta ya saje da ɓawon itacen, sai da aka saita mini na'ura kafin na gane ba kututture ba ne. Ita ma kudu da Sahara take yin hunturu. Na tuna yadda ake jifar mujiya a gida ana cewa tsuntsun mayu ne, alhali aikinta cin fara da manyan ƙwari. Wasu masu ɗaukar hoto suka matsa har gindin itacen, jagoranmu ya ce su ja baya, kuma ya yi daidai. Halittar da ta ƙetaro hamada da teku tana da haƙƙin ta yi barcinta.

Bayan abincin dare aka zauna aka karanto sunayen abin da kowa ya gani, ana sa alama. Dattijon ya nemi in rubuta masa Nguru da Dagona a littafinsa, na rubuta, na kuma zana masa inda kogin Hadeja da na Jama'are suke haɗuwa. Gobe da sassafe za mu yi yamma, zuwa tsaunin Ipsilou da Sigri, inda ƙasar ta zama duwatsu da itatuwan da suka rikiɗe suka zama dutse. An ce hanyar akwai kwana-kwana, kuma iska ta fi ta nan ƙarfi, don haka sai na ƙara riga.