Gwangwanin da na lotsa

Akwai wani gwangwani a saman kanta a rumfata ta kasuwar Mile 12 a Legas. Ba a awo da shi, amma na hana yara su yar. In ka kife shi za ka ga gindinsa ya shige ciki kamar wanda aka taka. Ba taka shi aka yi ba. Ni na ɗora masa taɓarya da hannuna, wata Asabar da daddare, washegari kuma na saka farar riga na tafi sujada.

Mu a gida, wajen Malumfashi, mudu da tiya muka sani. A Legas kuwa derika ce da robar fenti. Derika ba wani abu ba ne illa gwangwanin tumatirin De Rica da aka cinye aka wanke, sunan ya bi ma'aunin. Da shi ake auna wake da shinkafa da garin rogo daga Ketu har Agege, kuma babu wani hatimin hukuma a jikinsa. Amanar mai awo ce kawai. In ka lotsa gindin kaɗan, abin da zai ragu bai fi cikin tafin hannu ba. Amma ka auna sau ɗari a wuni ka gani.

Na fara ne a matsayin yaron wani Alhaji ɗan Potiskum mai kawo wake. Ina hannunsa aka yi rikicin watan Maris na 2016, lokacin da gwamnatin Ambode, gwamnan Legas na wancan lokacin, ta rufe kasuwar. Bayan an buɗe ne ya sallame ni, ya ba ni buhu goma bashi, ya ce in sayar in kawo uwar kuɗi. Ran Lahadi sujadar Hausa nake zuwa a ECWA, amma a tsakiyar mako wani abokina ya riƙa ja na wata babbar majami'a inda ake kwana addu'a. A can na koyi kalmar "shuka iri", wato ba da baiko da sa ran Allah ya ninka maka. Ayar da ba ta faɗuwa daga bakin mai wa'azin ita ce Luka 6:38, inda Yesu ya yi maganar mudu mai kyau, a danne, a girgije, har yana zuba. Na ba da baiko iya ƙarfina, har fiye. Lissafina shi ne na zuba jari a wurin Allah, riba tana tafe. Da ta yi jinkiri sai na ce bari in taimaka mata da taɓarya. Ban taɓa lura da cewa ƙarshen wannan ayar cewa ya yi da mudun da ka auna wa mutane za a auna maka ba. Ni mai wake ne, kullum da ma'auni a hannuna, amma na ɗauka maganar kwandon baiko ake yi.

Wadda ta kama ni wata Bayarabiya ce mai tuyar ƙosai da alale a Ketu. Iya muke ce mata. Ta yi zaman Kano, tana jin Hausa ras. Mai tuya ta san ƙosai nawa derika ɗaya ke fitarwa, ba sai an gaya mata ba. Rannan ta zo, na auna mata biyar, sai ta zaro nata gwangwanin daga jaka ta sake aunawa a gabana. Na biyar ɗin bai kai baki ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi, da na sami abin musu. Cewa ta yi, "Malam, ba kai ne ba ka fitowa ran Lahadi ba?" Na ce ni ne, Iya. Ta ce, "To." Ta biya kuɗin huɗu da rabi ta tafi.

Wannan "to" ɗin ya bi ni har ɗaki. Bayan kwana biyu na kai maganar wurin wani dattijon ikkilisiyarmu, tsohon soja mai aikin gadi, amma na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ka gaya wa abokin naka ya karanta Amos sura 8." Na karanta a daren. Annabin yana magana ne da 'yan kasuwar hatsi waɗanda suka ƙagu Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara farashi, su sayar har da sharar alkama. Kamar mutumin ya taɓa zama a layinmu. Daga nan na fara bin Littafi Mai Tsarki da idon ɗan kasuwa, sai na tarar alkawarin arziki kaɗan ne in aka gwada da maganar ma'auni. Littafin Firistoci 19:35-36 na nan, Karin Magana 11:1 na nan, 20:10 ma haka. Har mai saye bai tsira ba: 20:14 ta zana shi yana kushe kaya, "ba kyau, ba kyau", in ya bar wurin ya kama fariya. Wannan kam na yi dariya, don haka nake yi wa masu kaya in na je Dawanau sari.

Da na faɗa wa Alhaji gaskiyar abin da na yi, bai yi mamaki ba. Ya ce su ma sura guda gare su a kan masu tauye mudu. Ya ƙara da cewa, "Yaro, da na sani da ban ba ka buhu goma ba." Ya yi wata biyu bai sake ba ni kaya bashi ba.

Gyara gwangwani abu ne mai sauƙi, ka yar ka ɗauki wani. Inda na sha wuya shi ne maganin ƙwari. Wake ba ya jimrin ajiya, kafin ka ankara ƙwaro ya huda shi ya zama gari. Hanya mafi arha ita ce a yayyafa masa fiya-fiya a ɗaure buhu, kuma mutane da yawa haka suke yi. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Mai saye ba ya gani, ba ya iya zuwa da nasa gwangwanin ya gwada. Babu Iyar da za ta kama ka. A nan ne na gane ko tsoron Allah nake yi ko tsoron kunya. Na koma amfani da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke toshe iska ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Yana da tsada, yana son kulawa, ɓera ya huda shi aikin ya lalace. Ribata ta ragu, kuma ba zan ce kwastomomi sun yi tururuwa saboda haka ba. Yawancinsu ba su ma sani ba. Abin da na samu shi ne, buhun da nake sayarwa, daga cikinsa matata ke ɗiba ta dafa wa yaranmu.

Akwai inda har yau ban gama warwarewa ba. A ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan kasuwar abinci na Arewa suka tsayar da lodi zuwa Kudu. Motoci ba sa shigowa, farashi ya tashi, ni kuma ina da kaya a sito. Karin Magana 11:26 ta ce mutane na tsine wa mai ɓoye hatsi, suna sa wa mai sayarwa albarka. Amma Yusufu ma ai ajiya ya yi a Masar, shekara bakwai yana tarawa. Saye da kaka a ajiye zuwa bazara shi ne sana'ar tamu gaba ɗaya, in babu masu ajiya babu waken ci a watan Yuni. Bambancin da na iya gani shi ne Yusufu ya buɗe rumbu da yunwa ta zo. Don haka ban kulle sito ba. Na ƙara kuɗi dai, ba zan ɓoye ba, don ban san nawa zan sayo na gaba ba. Ko ƙarin da na yi ya wuce kima? Wani lokaci ina ganin ya wuce.

Maganar lamuni ba zan ja ta ba, don har yanzu tana yi mini zafi. Na tsaya wa wani ɗan'uwa da muke zama kujera ɗaya a majami'a ya karɓi kaya, ya ɓace, ni na biya. Ashe Karin Magana 22:26-27 ta riga ta ce kada ka yi, in ba haka ba har gadon da kake kwance za a janye. Yanzu duk wanda ya zo, ko fasto ne, a rubuce muke yi da shaidu. In kuma taimako zan yi, ina ba da abin da zan iya yafewa.

Sai 'yan dako. A farkon 2023, da aka canza fasalin naira takardar kuɗi ta yi wuya, kwastoma na tura kuɗi ta waya, amma yaron da ya sauke buhu daga tirela a kansa ba shi da asusu, kuma da kuɗin ranar zai ci tuwon dare. Da yawa daga cikinmu sun riƙa ce musu sai gobe. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka. Na riƙa bin masu POS ina sayen naira da naira, abin da ban taɓa zaton zan gani ba, don in sallame su kafin magariba. A littafin lissafina na buɗe wa wannan asarar layi nata. Littafin kansa dattijon nan ne ya tilasta mini shi, ya ce makiyayin da bai san yawan garkensa ba kura yake yi wa kiwo. Zakkata nake fitarwa daga riba yanzu, tunda na san mece ce ribar. Da can daga jarin Alhaji nake shuka iri ban sani ba.

Iya ta dawo bayan kusan shekara biyu. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta tayar da tsohon zance ba. Takan sayi robar fenti uku ko huɗu a mako, muna gaisawa, tana tambayar yara da sunansu. Amma har gobe da gwangwaninta take zuwa a jaka, kuma sai ta auna.