Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Gwada Ni da Auduga

Makon jiya na tsaya a inda Hajiya, uwar mijina, ta ware mini kofi. Ba ta faɗa da baki ba. Wayar gari kawai na yi na tarar an ɗaura wa hannun kofina jan zare, an ajiye shi can gefen randa shi kaɗai.

A lokacin wani ciwon fata ya shekara uku a jikina. A gwiwar hannu ya fara, hunturun da na haifi ɗana na biyu: ɗan tabo mai duhu kamar girman kwabo, samansa da ɓawo fari-fari kamar an barbaɗa toka. Daga nan sai gwiwoyin ƙafa, sai ƙugu, sai ya hau kai har yana leƙowa goshi ta ƙarƙashin ɗankwali. Da safe in na kaɗe zanin gado sai ka ce dusa aka sheƙe a ɗakin.

Kowa da sunan da ya raɗa masa. Inna ta ce kirci ne. Mai kitso ta ce amosani ne ya yi mini yawa. Maƙwabciya ta ce makero, wata ta ce sammu. Na yi wanka da ganyen darbejiya, na sha sassaƙe, wanzami ya yi mini tsaga a damtse. Ɗan kemis kuma ya ba ni wani man shafawa da ake ce wa mai haɗi uku. Kwana biyar abin ya kwanta, har sadakar ƙosai na yi. Ina dainawa ya dawo da 'yan rakiya. Haka na yi shekara ina shafawa, har fatar wurin ta yi sanyi, ta koɗe, nankarwa ta fito.

Suna ɗaya ne ba wanda ya furta a gabana, shi ne kuma wanda jan zaren nan yake faɗa: kuturta.

Yayata ce ta gaji, ta zo ta tasa ni gaba zuwa asibitin koyarwa, sashen likitocin fata. Likitar mace ce. Abin da ya fara ba ni mamaki, ta kama hannuna ta jujjuya ba tare da ta yatsina fuska ba. Na manta rabon da wani ya taɓa wurin.

"Malama, rufe idonki. Duk inda kika ji na taɓa, ki nuna mini da yatsa."

Ta murza ɗan guntun auduga ya yi tsini. Na ji shi a tsakiyar tabon, na nuna. Ta koma ƙugu, na nuna. Gwiwa, na nuna. Ta ce in buɗe ido.

"Tabon kuturta ba ya jin auduga, domin jijiya take kamawa. Naki kuwa ba inda bai ji ba."

Kuka ya ƙwace mini. Yaya ma ta juya baya tana gyara mayafi. Likitar ta bari na gama, sannan ta ce ko da ita ce ma ai tana warkewa da magani cikin wata 6 zuwa 12, mutane ne dai ba su sani ba.

Ta kankare ɓawon da ɗan gilashi, jini ya tsattsafo ɗigo-ɗigo kamar an caka allura. Ta duba farcena, ta nuna mini 'yan ramuka da ban taɓa lura da su ba. Da ta zo kan damtse ta ga abin ya bi sawun askar wanzami layi-layi, sai ta girgiza kai, ta ce wannan cutar duk inda aka ji wa fata rauni nan take tsirowa. Ashe da kuɗina na sayi ƙari. Ɓawon da ta kankare aka kai ɗakin gwaji, ba a ga ƙwayar makero ba.

Sunansa soriyasis. Ta ce fatar mutum kan ɗauki kamar wata guda kafin ta sake, tawa kuwa garkuwar jikina ce ke zaburar da ita, cikin kwana 3 zuwa 4 sabuwa ta turo tsohuwa ba ta faɗi ba, sai su taru su yi ɓawo. Ba a ɗauka. Ba ta kofi, ba ta shimfiɗa, ba ta nono. Sau biyu na sa ta maimaita wannan. Ta tambaye ni ko akwai mai irinsa a danginmu, sai Baffa ya faɗo mini, wanda ko a zafin bazara ba ya rabuwa da riga mai dogon hannu.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne da ta ce ba a raba mutum da shi gaba ɗaya. Yana kwanciya, yana tashi, lallaɓa shi ake yi. Hunturu na tayar da shi, haka ciwon maƙogwaro, haka damuwa. Yaya ta harare ni da aka ambaci damuwa.

Likitar ta ce man kemis ɗin nan sitiroyid ne mai ƙarfi a cikinsa, wato sinadarin kwantar da kumburi, shi ya cinye mini fata. Ta rubuta mini man salisilik na sauke ɓawo, da sabulun wanke kai mai kwalta, da wani mai mai sinadarin bitamin D haɗe da sitiroyid na mako 4 kacal. In bar dirza da soso, in bar ɓantarar ɓawo, in shafe jiki da man kaɗanya da zarar na fito wanka tun fata na da danshi, in ɗan sha hantsi. Ta gargaɗe ni kan kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ta ce yana iya tayar da shi. In duk wannan bai yi ba akwai ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, amma sai an riƙa gwada jini, kuma ba a ɗaukar ciki a kanta.

Da muka dawo gida, Yaya ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta zayyana mata komai, har gwajin audugar. Hajiya na jan carbi tana saurare. Ni kuwa idona na kan kofin, ina jiran ta ce a kwance zaren.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta dubi jikanta da ke wasa a tsakar gida, ta dube ni.

"Na ji kun ce ana gadonsa?"

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.