Ambulan ɗin Lakwaja da na jiƙa a ruwa

Shekara uku ke nan, amma har yau in na tuna sai raina ya sosu. A adakar kakanmu na tsinci tsofaffin ambulan guda bakwai, gara ta cinye biyu. Ɗaya daga cikin masu lafiyar, a gidan wayar Lakwaja aka jefa shi a 1911, da jan kan sarki na kwabo ɗaya mai hoton Sarki Edward na Bakwai, wanda ma ya riga ya rasu tun 1910. An rubuta adireshin da boko, wani kuma ya ƙara da ajami a ƙasa, ina jin don mai kai wasiƙar ya gane.

Me na yi? Abin da muka saba yi muna yara. Na yanke kusurwar da almakashi, na jiƙa ta a kofin ruwa, na ɓare kan sarkin na shanya, sauran takardar kuwa ta bi shara.

Sai da na kai wa wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gidan waya, ina ta murna. Ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Yaro, ina rigarsa?" Na ce wace riga, Baba? Ya ce irin wannan kan sarkin tsirara ba wuyar samu gare shi ba, ambulan ɗin ne dukiyar. Nan na tuna a bayansa akwai hatimi biyu, na Zungeru, hedikwatar Arewa a lokacin, da na Kano, kowanne da kwanan watansa. Wato hanyar da wasiƙar ta bi da kwanakin da ta yi, a shekarar da layin dogo ya iso Kano, duk suna rubuce a jikin takardar da na zubar. Ga shi gwamnatin Arewa ba ta daɗe tana buga kan sarkinta ba, daga 1900 ne zuwa haɗewar Arewa da Kudu a 1914. Na koma gida na tone bola, an riga an ƙone.

Sauran huɗun ban taɓa su ba, alhamdu lillahi. Bara ma na sayi wani na 1936, shekarar da jiragen Imperial Airways suka fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano, bayansa na fara dubawa kafin gabansa.

Don Allah in ka samu irin wannan, kada ka kusantar da shi ruwa, kada ka liƙe yagewarsa da salatif, kada kuma ka bari a manne maka shi cikin leda da injin zafi, ba ya ɓaruwa. Ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina. Jan kan sarkin nan yana nan a ajiye, ana ganin rabin hatimin Lakwaja a jikinsa, ɗaya rabin ya tafi da ambulan ɗin.