Ƙauyukan gaɓar teku da ƙishirwar da ba mu sani ba

Duk wanda yake cefane a kasuwar Sabon Gari a nan Zariya ya san kwakwa, ya san busasshen jatan landen da ake aunawa da gwangwani, amma ƙalilan ne daga cikinmu suke tambayar yadda mutanen da suka samar da su suke rayuwa. Gaɓar tekun Najeriya ta kai tsawon kilomita 853, daga Badagry a yamma har zuwa kan iyaka da Kamaru, kuma mafi yawanta ƙananan ƙauyukan masunta ne, waɗanda da dama daga cikinsu mota ba ta isa, sai dai kwale-kwale.

A ganin Bazazzagi, wanda rijiyarsa take ƙafewa tun kafin watan Afrilu, har ya riƙa jiran mai ga-ruwa da kurarsa, mutumin da yake zaune a bakin teku ya gama da matsalar ruwa. Lamarin kuwa ba haka yake ba. Ruwan sama da yake sauka a tsibirin Bonny na jihar Ribas ya ninka na Zariya sau uku ko fiye, sai dai idan aka haƙa rijiya kusa da gaɓa, sau da yawa ruwan gishiri ake tararwa, domin teku tana kutsawa ta ƙarƙashin yashi. Shi ya sa a ƙauyuka da dama za ka ga an jera durom-durom a ƙarƙashin indararo ana tarar ruwan sama, idan rani ya yi kuma mata da yara su shiga kwale-kwale su nausa cikin fadama neman ruwan daɗi. A wuraren da ɗanyen mai ya malala kuwa, ko kifin ma ya yi ƙaura.

Garin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Ayetoro, a ƙasar Ilaje ta jihar Ondo. Wasu mabiya addinin Kirista ne suka kafa shi a 1947, suka gina gidaje na katako a kan dirkoki saboda ƙasar taɓo ce, suka haɗa gida da gida da gadojin katako, sannan suka riƙa zuba abin da suka samu a asusu guda. Da kuɗin kifi suka samar wa kansu wutar lantarki tun lokacin da manyan garuruwa da yawa suke kwana da fitilar aci-bal-bal. Yau teku ta cinye babban sashe na garin, har da makarantu da gidajen da aka haifi dattawansa a ciki. Manomin da hamada ta ci gonarsa yana iya nuna wa jikansa inda take, amma mutumin Ayetoro sai dai ya nuna igiyar ruwa.

Ba na musun kyawun wuraren, musamman Badagry da dogayen itatuwan kwakwarta. Amma daga can ne, ta tsibirin Gberefu, aka riƙa ɗora bayi a jiragen ruwa, kuma cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa har da Hausawa, waɗanda wasunsu suka ƙulla shirin boren bayi a Bahia ta ƙasar Brazil a 1807.

Idan kuma aka zo batun sana'a, nauyin yana kan mata. Maza suna fita da taru tun asuba, su kuwa mata su ne masu fere kifi, su shimfiɗa shi a kan ragar ƙarfe, su kwana suna iza itacen fadama cikin hayaƙin da yake cin ido, domin kifin da ba a yi bandarsa a daren ba zai lalace. Itacen nan da ake sarewa, saiwoyinsa ne suke riƙe ƙasar gaɓa, kuma a cikinsu ƙananan kifaye suke girma.