Kokwambar bayan gidanmu, wadda ba a goge mata kai

Ranar farko da wata Hajiya 'yar unguwarmu ta zo sayen kokwamba a wurina, tun kafin ta zauna ta ce a miƙo mata wuƙa. Ta yanke kan guda ɗaya, ta shiga goga shi a jikinta tana jiran farar kumfa ta fito, wai tana cire ɗaci. Na ƙyale ta ta gama, sannan na tsinko wata daga jikin igiya, na ɗauraye, na ce, "Hajiya, gatsa wannan haka nan, har da ɓawon." Ta gatsa, ta yi shiru, ta sake gatsa. Yau shekara huɗu ke nan duk Juma'a direbanta yana ƙofar gidanmu, kuma ban sake jin ta nemi wuƙa ba.

Ɗacin nan da mutane ke tsoro yana cikin jinin shukar, a ganye da kara yake zama. Wahala ce ke tura shi cikin 'ya'ya, ya taru ta wajen da suka haɗu da kara da kuma ƙarƙashin ɓawo. Yau a ba ta ruwa har ta ƙoshi, gobe da jibi a manta da ita cikin zafin Afrilu, to ta rama a bakin mai saye. Abin da kusan gaba ɗayansa ruwa ne, ina zai jure ƙishirwa? Shi ya sa in aka ce min kokwamba ta yi ɗaci, ba na zagin kokwamba, mai lambun nake tambaya.

Lambuna ba wani babba ba ne. Filin da maigida ya bari ne a bayan gida, nan gefen Kano ta hanyar Madobi, da niyyar ƙara ɗakuna biyu. Kuɗin ginin bai zo ba, bulo ya yi ta kwana a wurin har ciyawa ta rufe shi. Da bulon nan na zagaye fangali huɗu na farko, sauran wurin na jera buhuna. Har yanzu maigida yana tsokanata cewa na cinye masa ɗakuna, ni kuma ina ce masa ya lissafa rabonsa da sayen kayan miya.

Hannuna a wurin Baffa ya faɗa, ƙanin mahaifina da ke noman rani a Kura. Duk hutun makaranta can ake kai mu, ni ce mai kai masa abincin rana. Ba ya kiran sunana don sunan mahaifiyarsa gare ni, sai dai ya ce "Uwata". Yana yawan ba mu labarin zamanin da da jigo suke ɗebo ruwa guga-guga, kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya riƙa zuwa musu ta kanal. Ina jin wahalar jigon nan ce ta sa bai taɓa raina ruwa ba. Ba ya ban ruwa don lokaci ya yi. Sai ya tsuguna ya cusa yatsa a ƙasa, ya ce, "Uwata, zo ki ji." In ƙasar ta manne a yatsa da sanyinta, a wuce. In ta zube kamar gari, a buɗe mata. A lokacin gurji ya fi shukawa, kokwamba kuwa ana yi mata kallon kayan Turawa da 'yan boko, galibi daga Jos ake kawo ta. Amma 'yan gida ɗaya ne, halinsu ɗaya. Ranar da na taɓa watsa wa gurjinsa ruwa ta sama da tsakar rana don in nuna ƙwazo, bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Ke ganye kike shayarwa ko saiwa?" Har yau in na ga yaron da ke taya ni ya ɗaga bakin tiyo sama, maganar nan ce ke fitowa daga bakina.

Abin da Baffa bai koya min ba, don a zamaninsa iri daga rumbunsa yake fitowa, shi ne sharrin masu sayar da iri. Shekarata ta farko na sayi gwangwani mai ƙyalli, da hoton kokwamba doguwa shar a jiki, mai shagon yana ta rantsuwa sabon kaya ne. Na shuka rami sittin, goma sha ɗaya suka fito. Na zargi ƙasa, na zargi ruwan rijiyarmu, har na zargi hannuna. Sai da na juya gindin gwangwanin na ga an liƙa takarda a kan kwanan watan, na ɓare, ashe irin ya shekara biyu da tashi aiki. Da na koma, cewa ya yi, "Hajiya, ai shuka sai Allah." Haka ne, amma ba Allah ne ya liƙa takardar ba. Tun daga nan ko daga hannun wa iri ya fito, sai na ƙirga ƙwaya goma na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana huɗu ko biyar in takwas ba su tsaga ba, ba ya shiga ƙasata.

A cikin nau'o'in irin kokwamba, Marketmore da Poinsett su ne tsofaffin hannu, ana iya barin ɗaya ta nuna a cire irinta don shuka ta gaba. Wanda aka rubuta F1 a jikinsa, da masu shago ke cewa haibirid, ya fi zuba 'ya'ya kuma ya fi tsada, amma irin da aka cire daga cikinsa ba ya maimaita uwar. Wannan ma wata kafa ce ta cuta. Akwai masu wanke irin da suka cire daga haibirid, su shanya, su turbuɗa shi a jan gari don ya yi kama da na kamfani, su ƙulla a leda. Zai fito lafiya lau, sai an zo 'ya'ya a ga wata gajera, wata mai ƙaton ciki, wata kamar lauje.

Ƙasar buhu ni nake haɗa ta da hannuna: jar ƙasa mai kyau, yashi kaɗan don ruwa ya wuce, da taki wanda ya ruɓe sosai. Kashin kaji ɗanye wuta ne, yana ƙona saiwa. Sai ya kwanta a rami wata biyu zuwa uku ana juya shi ana yayyafa masa ruwa, ya yi baƙi, warinsa ya mutu. A huda gindin buhu, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. Kokwamba ba ta son dashe irin na tumatir, inda za ta zauna nan ake shuka ta, ƙwaya biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa, tsakanin rami da rami taƙi biyu. Makon farko kuwa ba ƙwari ne abokan gaba ba, ƙadangaru ne. Jan gwada ɗaya zai iya aske layi guda kafin a idar da sallar walha. Tsofaffin gidajen sauron gidan nan duk a lambu suka ƙare.

Ba na barin kokwambata ta kwanta a ƙasa. Da ta fara miƙa hannu nake kafa mata gora, in ɗaura igiya, in riƙa naɗa ta a hankali duk bayan kwana biyu. Wadda ta rataya tana fitowa miƙaƙƙiya, koriya ta kowane ɓangare, ba farin ciki irin na wadda ta kwana a kan laka. Iska ma tana ratsa ganyen, cutar nan mai kama da farar hoda da ke kama shi ba ta samun wurin zama da wuri.

Wajen wata guda da shuka fure ke fitowa, kuma a nan ne sababbin shiga ke kira na hankali a tashe, wai furen yana zubewa ba ɗa. Mazan ne, su ke riga fitowa, aikinsu su buɗe su faɗi. Macen za a gan ta da 'yar ƙaramar kokwamba a bayan furenta kamar tsinken ashana mai kauri. Tsakanin su biyun ƙudan zuma ne ɗan aike. In bai zo da yawa ba, ɗan ya fito a lanƙwashe ko ya yi rawaya ya faɗi. Saboda zuman nan ba na fesa komai da safe. In darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar shuka, ta taru a bayan ganye, 'ya'yan darbejiya nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace, in sa sabulu ɗan kaɗan, in fesa bayan la'asar sakaliya lokacin da zuma ya koma gida. Ba ya kashewa nan take kamar maganin kanti, sai an maimaita, amma abin da na tsinka yau jikana zai iya ci yau.

Daga kwana 45 zuwa 50 ake fara tsinka, kuma daga nan babu hutu. Bayan sallar asuba nake shiga da almakashi, tun raɓa ba ta bushe ba, lokacin da suke cike da ruwa suna ƙara a baki. Ba a fizga, ana yankewa ne da ɗan guntun kara. Duk wadda ta ɓuya a bayan ganye ta girma ta yi rawaya, uwar sai ta ɗauka ta gama aikinta ta rage haihuwa, shi ya sa nake bin kowace igiya ina ɗaga ganye kamar mai neman allura.

Sai kuma a zo a ce min, "Haba Hajiya, a kasuwar 'Yankaba fa tuli guda ake ba ni da kuɗin nan." Gaskiya ne, kuma ba na hana kowa zuwa 'Yankaba, ni ma can nake sayen albasa. Amma wadda ta kwana biyu a buhu a bayan mota, aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ba ita ce wadda aka yanke ɗazu ba. A matsa ƙarshenta da yatsa a gani. Masu taya kaya ma da sauƙi. Waɗanda suka fi ci min rai su ne masu saro ta kasuwa su wanke, su jera a faranti, su ɗora a WhatsApp da cewa "ta lambun gida, ba magani". Wata har hoton igiyoyina ta ɗauka ta sa a nata shafin, ga bulon maigida nan a bayan hoton. Ni duk mai so ya shigo ya gani, ya tsinka da hannunsa ma in yana so, a dai cire takalmi mai tsini.

Ba kokwamba kaɗai ba ce a lambun. Da sanyi ina yin latas da karas da lansir, don latas da ya ji zafi sai ya miƙe ya yi fure ya yi ɗaci. Alayyafo da yakuwa da na'a-na'a kusan ba sa yankewa. Tumatir kuwa na gida kawai nake yi. Tun 2016 da tsutsar tumatir ɗin nan ta share gonakin Kano da Kaduna har farashi ya yi tashin gwauron zabi, na ga yadda Baffa ya zauna a bakin fangalinsa ya kasa magana, raina ya fita daga yin sa da yawa.

Kasuwarmu ta gaske azumi ce, kowa na son kokwamba a faranti lokacin buɗa baki. Da azumi yana faɗowa cikin bazara abin da sauƙi, amma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Na 2025 a farkon Maris ya kama, ke nan shuka a tsakiyar Janairu, cikin hunturu, lokacin da iri ke yin fiye da mako a ƙasa yana jin sanyi. Dabarar da na samu ita ce in jiƙa irin ya tsaga a ɗaki tukuna, in jera buhunan a jikin katangar da rana ke duka, in rufe su da dare, in kuma ƙara kwana goma a lissafi. A bana ma haka zan yi. Gwangwani biyu na sayo daga shago biyu daban, ƙwaya goma-goma suna naɗe a tsumma a bayan firij, jibi zan buɗe.